Motar Gawa ta Baban Faraja

Shagona yana kallon ƙofar baya ta asibiti, wadda ake fito da gawa ta cikinta. Akwatin gawa nake yi, sana'ar da na tarar da mahaifina yana yi kenan, kuma a Iringa duk wanda ya yi rashi sai ya bi ta layinmu ko yana so ko ba ya so. Akwai masu furanni, akwai mai shayi da mandazi, wato irin fanken da muke ci a nan, akwai mu kafintoci, sannan akwai masu motocin kai gawa ƙauye. A cikin direbobin nan babu wanda ya kai Damas Mdemu daɗewa. Baban Faraja ake ce masa, da sunan 'yarsa tilo.

Tun yana saurayi direban mishan ne a can tsaunukan Kilolo. Shi ke ɗauko mata masu naƙuda zuwa ɗakin shan magani, shi kuma ke mayar da waɗanda ba su tashi ba. Da mishan ta miƙa wurin ga gwamnati aka sallame shi, sai ya duba ya ga abin da ya iya kenan a duniya. Ya sare itatuwan katakon da ya shuka a gonar gado, ya sayar, ya sayi doguwar farar mota irin waɗanda suka gama yayinsu a Japan ake turo mana ta tashar jirgin ruwan Dar. Ya cire kujerun baya, ni na buga masa dandamalin katako inda akwati zai zauna, matarsa Maman Faraja, wadda tela ce, ta ɗinka labulaye masu ruwan goro ta rataya a tagogi.

Gajere ne mai kauri, yana da wata baƙar kwat da ba ya sa ta sai zai ɗauki gawa. Ba ya gudu. Samarin direbobi suna yi masa ba'a cewa kafin ya isa Mafinga mamacin ma ya gaji da kwanciya, shi kuwa sai ya ce wanda ya ɗauko ba ya sauri, to shi saurin me zai yi. Yana da wata ɗabi'a kuma: yakan yi wa gawa magana a hanya. In an zo gada sai ka ji ya ce, "Mun zo gada, Mama, a yi haƙuri da girgiza." In an shiga kwana ya ce, "Saura kaɗan, Baba, ga tsaunin garinku can." Na taɓa tambayarsa ko yana tsammanin suna ji.

Ya ce, "Su ban sani ba. Amma 'yan'uwan da ke zaune kusa da akwatin suna ji, kuma sukan rage kuka."

Kullum da safe sai ya tsaya bakin shagona da kofin shayinsa ya soma tsokana. "Yoramu, kai tela ne, ni ɗan rakiya. Ka auna rigar nan da kyau, kar mutum ya yi ta kwaram-kwaram a bayana kamar an sa gwangwani a buhu."

Ni kuma in ce, "Taka rigar ma na auna na ajiye, katako kaɗan za ta ci."

Haka muka yi shekaru. Iyalai sukan zo da sunansa a baki tun daga gida. In motarsa ta fita, wasu har jira suke yi ta dawo.

Abin ya faro ne a wata damina mai ruwa da yawa. Kafin nan dutse ya taɓa fasa masa gilashin gaba, aka canza, ashe wanda ya sa bai liƙe gefen da kyau ba, ruwa yana zurara ta ciki yana gangarawa bayan sitiyari inda ido ba ya gani. Babu wanda ya san haka a lokacin. Abin da muka fara gani shi ne wata rana da hantsi, rana ƙwal, motar tana tsaye a gaban shagona babu kowa ciki, sai waifa ta tashi ta share busasshen gilashi ta koma ta kwanta. Muka yi dariya. Mai shayi ta ce motar ce ke gaishe mu.

Bayan nan fitilar ciki ta riƙa kunna kanta tana shanye batir, sai mun taru mun tura. Wata rana gilashin ƙofar direba ya sauka da kansa ana tsaka da ruwa. Baban Faraja ya kai ta Ipogolo wajen Fundi Lupyana, mai wayarin mota, abokinsa tun zamanin mishan. Fundi ya canza fis, ya canza makunnin waifa, ya goge kan batir, ya naɗe wasu wayoyi da suka ɗan goge. Motar ta yi lamo na ɗan lokaci, duk muka manta.

Sai ranar jana'izar tsoho Msigala. Tsohon malamin makaranta ne, ya rasu a asibiti, kuma 'ya'yansa sun yi ta gardama a nan bakin ƙofa kan inda za a binne shi. Wasu suka ce a cikin gari inda ya gina gida ya zauna, babban ɗan ya kafe sai ƙauyensu a wajen Dabaga. Babban ya yi rinjaye. Ni na yi akwatin, kuma na bi su, domin za a buɗe a ga fuskarsa a gida sannan in rufe murfin na ƙarshe.

Muka isa rana ta take. Mutane sun cika tsakar gida har kan hanya, 'yan waƙar coci sun jeru suna rerawa, katikis, malamin cocin ƙauyen, yana tsaye da littafinsa. 'Yan'uwan da suka zauna da gawar suka sauka suka ja ƙofar gefe ta rufu. Ni ma na sauka. Baban Faraja ya bar injin a kunne saboda batirin ba shi da ƙarfi, ya fito, ya gyara kwat ɗinsa, ya tura ƙofarsa. Yana zagayawa baya don ya buɗe wa masu ɗauka, sai muka ji ƙas. Duk ƙofofin suka kulle a tare.

Ya ja ta baya, ta ƙi. Ya dawo ta direba, ta ƙi. Makulli na can ciki yana lilo a jikin sitiyari. Yana cikin jan ta gefe sai hon ya ɗauka, ba ɗif-ɗif ba, doguwar ƙara guda wadda ba ta yankewa. Fitilu suka shiga ƙyaftawa, waifa tana kai da kawowa. 'Yan waƙa suka yi ƙoƙarin ci gaba, muryoyinsu suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ta tsakanin labulaye kana hango akwatin a kwance.

Babban ɗan ya matso ya ce, "Baba, buɗe mana."

"Makullin na ciki, ɗana."

"To yaya za a yi?"

Zagaya motar kawai yake yi yana jan hannayen ƙofofin da ya riga ya ja. A nan ne wata tsohuwa, yayar mamacin, ta miƙe daga cikin mata. Ba ta ɗaga murya sosai ba, amma duk da ƙarar hon na kusa sun ji ta, su kuma suka isar wa na nesa.

Ta ce, "Ai na faɗa muku ba ya son nan. Ga shi ya ƙi sauka."

Mata suka ja da baya da yaransu. Baban Faraja ya zo wurina ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, na ba shi gudumata. Ya tsaya gaban gilashin ƙofarsa jim, sannan ya buga. Ya zura hannu ya kashe injin, amma hon bai daina ba. Sai da ya shiga ya ɗaga kujera ya cire kan batir sannan wurin ya yi tsit, har kana jin kukan akuya a bayan gida.

Ƙofar baya dai ta ƙi buɗuwa ko ta ciki. Dole ta ƙofar gefe aka fito da akwatin, ita kuwa ba ta da faɗin da zai juya, sai da aka karkata shi aka ɗaga ƙafa sama. Duk wanda ya riƙe akwatin ya ji lokacin da tsohon ya zame a ciki kansa ya bugi katako. Matar mamacin ma ta ji. Samari kuwa tun ɗazu wayoyinsu na sama suna ɗauka.

Da aka gama binnewa aka kawo ugali, wato tuwon masara, da wake, babu wanda ya zauna kusa da mu. Baban Faraja ya tsinke wayar hon da hannunsa, ya mayar da kan batir, wasu manoma biyu suka taimaka muka tura. Har muka shigo gari iska tana bugunsa ta fasasshen gilashi.

Washegari na bi shi Ipogolo. Fundi Lupyana ya saurari labarin, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari da tocila a baki, ya daɗe yana kwance-kwance, sannan ya fito da wani baƙin akwati da bai fi tafin hannu biyu ba, wayoyi sun shiga jikinsa ta ko'ina. Ya ɓalle murfin. Cikin duk ya yi kore-kore, kamar tsohon kwabon da ya kwana a rijiya.

Ya ce, "Ga mai laifin. Motocin nan ƙwaƙwalwa biyu gare su. Ɗaya tana kula da inji, wannan kuma ita ke kula da jiki: ƙofofi, fitilu, hon, waifa, gilasai. Kai kana danna makunni ne kawai, ita ke yanke shawara. Ruwa ya shige ta, ta ruɗe."

Baban Faraja ya ce, "To gyara ta mana."

"Da me? Damas, da waya ce da na bi ta da yatsa tun daga batir har fitilar baya, ka san ni. Wannan kuwa dubi abin da ke ciki, ƙwayoyi kamar gero. Ko na ga wadda ta mutu, hannuna ba zai iya kama ta ba. Sai dai a samo wata."

"A ina?"

"Ilala, can Dar, wajen masu yanka motoci. Kuma sai mai lamba irin wannan sak."

Aka ɗauki hoton lambar aka tura wa wani ɗan kasuwa a Dar. Ya ce akwai. Aka jira, ya ce ashe an sayar, amma wata na zuwa. Aka sake jira. Daga baya ta iso a motar haya, naɗe cikin kwali da tsumma. Fundi ya fara liƙe gefen gilashin da ke yoyo, sannan ya jona sabuwar. Ya danna fitila ta kama, ya kashe ta mutu. Ƙofofi suka kulle suka buɗe bisa umarni. Baban Faraja ya yi murmushi karo na farko tun ranar Dabaga, ya shiga ya murɗa makulli. Injin ya yi ta juyi, ya ƙi tashi. Wata 'yar jar fitila tana ƙyaftawa a gabansa.

Fundi ya daɗe yana kallon fitilar, sannan ya zauna a kan tsohuwar taya.

"Ba ta san makullinka ba," in ji shi. "Makullin motar da aka ciro ta ta sani, waccan motar kuwa Allah kaɗai ya san inda ta mutu. A ganinta kai ɓarawo ne."

"Motata ce fa."

"Je ka faɗa mata."

Sai an samu mai kwamfuta ya haɗa ta da makullin. Akwai mai yi a gari, ya zo ya jona na'urarsa, ya ce tasa ba ta jin yaren wannan irin. Ya ba da lambar wani a Dar. Na Dar ɗin ya ce ba zai taso takanas saboda mota guda ba, amma yana da aiki a Mbeya, in zai wuce zai tsaya. Duk sanda aka kira shi sai ya ce mako mai zuwa. Mayar da tsohuwar kuma ba zai yiwu ba, tunda aka taɓa ta ta mutu murus.

Damina ta wuce, sanyi ya shigo, motar tana nan a garejin Fundi kaji suna kwana ƙarƙashinta. Baban Faraja bai fasa zuwa layinmu ba. Yakan zo da safe ya zauna a bencina, hannuwa cikin hammata, yana kallon akwatunan da na yi suna shiga motocin wasu. In wani yaro ya figi mota da gawa a ciki sai in ga leɓensa yana motsi. Na ba shi takardar goge katako ko hannunsa ya samu abin yi, ya ɗan goga ya ajiye. Keken ɗinkin Maman Faraja ne ya riƙe gidan duk tsawon lokacin, ita da hawan jini ke damunta. Takan aiko masa da dankalin Turawa dafaffe a kwano, ya ci rabi ya tura mini saura.

Ranar da mai kwamfutar ya zo ina wurin. Matashi ne mai tsabta, da jakarsa a kafaɗa. Ya zauna a kujerar direba, ya jona waya a ƙarƙashin sitiyari, ya sa aka sayo masa lemo. Kafin ya shanye kwalbar ya ce a murɗa. Motar ta tashi lafiya lau, kamar jiya aka kashe ta.

Baban Faraja ya leƙa allon na'urar, rubutu ne da lambobi suna gudu. Ya ce, "Me ka yi mata, ɗana?"

"Ƙwaƙwalwar da makullin na gabatar wa juna, Baba. Yanzu sun san juna."

"Ba za ta sake ba kenan?"

Yaron yana naɗe wayarsa ya ce, "Wannan ƙwaƙwalwar ma fa tsohuwa ce, daga jikin wata motar ta fito. Ta yiwu ta binne mu duka, ta yiwu gobe ta ce ta gaji. Ba a ganin cikinsu."

Aka sa sabon gilashin ƙofa. Baban Faraja ya wanke motar ciki da waje, Maman Faraja ta wanke labulaye ta goge, ya dawo ya ajiye ta a wurinsa na dā a gaban shagona, ya rataye kwat ɗinsa a bayan kujera.

Babu wanda ya zo.

Hoton ranar Dabaga ya riga ya zagaya wayoyin gari da ƙauyuka, har an sa wa motar suna, Ba-na-sauka. Yara 'yan makaranta in za su wuce sai su tsallaka ɗaya gefen titi, wani ya kwaikwayi hon da baki su ruga suna dariya. Labarin ma ya ƙaru a hanya. Wasu suka ce an ji ana buga akwati daga ciki. Wasu suka ce ba wannan ne karo na farko ba, ai dā ma direban yana hira da gawawwaki, wa ya san abin da suke ce masa.

Baban Faraja ya karɓo tsohuwar ƙwaƙwalwar daga wajen Fundi yana yawo da ita a aljihun kwat. In ya ga iyali sun fito suna neman mota sai ya matsa, ya yi musu gaisuwar rashi yadda ya kamata, sannan ya ciro ta ya buɗe.

"Kun ga aljanin nan. Ruwa ne ya shige shi. Ku duba koren nan. An cire, an sa wani."

Mutane sukan duba da ladabi, har su taɓa. Wani malamin makaranta da ya rasa mahaifiyarsa ya riƙe hannunsa ya ce, "Baba, ni na sani, wallahi na sani, ni ma ina da mota. Amma gwaggonnina suna can suna jira a gida. In suka ga farar motar nan ta shigo, ba za a yi jana'izar nan lafiya ba." Ya ɗauki wata akori-kura mai tayar da hayaƙi.

Maman Faraja ta ba da shawara a kai motar wajen Fada, limamin cocinsu, ya sa mata albarka a gaban jama'a. Aka kai ta coci ranar Lahadi, Fada ya fito bayan ibada ya yayyafa mata ruwa mai tsarki ciki da waje. Kafin Litinin magana ta koma cewa in babu komai a cikinta me ya sa aka kira Fada. Baban Faraja ya gwada cire dandamalin ya je Ilula ɗaukar tumatir, 'yan kasuwa suka ce wa zai ci abin da ya hau motar gawa. Ya sa ta a kasuwa, waɗanda suka zo dubawa daga Makambako suka ji labari a wajen mai shayi tun kafin su ƙaraso, suka juya.

Wata rana yana zaune a bencina ya ce, "Yoramu, da mutum ne ya yi mini wannan da na je gidansa da dattawa. To wa zan je wa?"

Na ci gaba da zartona.

Ana shirin shiga wata damina Maman Faraja ta faɗi a kan kekenta da rana tsaka, rigar wata amarya a ƙarƙashin allura. Maƙwabta suka kawo ta asibiti, ba ta kai yamma ba. Ni na yi mata akwati, da katakon da na daɗe ina ɓoyo. Faraja ta taso daga Dodoma inda take koyarwa. Za a kai gawar ƙauyensu Damas a Kilolo.

Da sassafen ranar na je gidan na tarar da shi a tsakar gida da bokiti da soso, yana wanke motar. Ya mayar da dandamalin, ya shimfiɗa zanen matarsa a kai. Faraja ta fito daga ɗaki, ta tsaya tana kallonsa, sannan ta zo ta durƙusa a gefen bokitin.

Ta ce, "Baba."

"Na'am, uwata."

"Ni ban yarda da abin da mutane ke faɗa ba. Ka san ban yarda ba."

"Na sani."

"Amma in ta kulle da Mama a ciki fa? A gaban dangi, a gaban kowa, ana ɗauka a waya. In aka karkata ta aka fito da ita ta gefe. Baba, ba zan iya gani ba."

"An gyara ta. Tun da aka gyara ko fitila ba ta yi gardama ba."

"Ka tabbata ba za ta yi ba?"

Ya matse soson ya ajiye a kan taya. Ya fita ƙofar gida inda maza ke zaune a benci. Fundi Lupyana na cikinsu, ya zo tun asuba. Baban Faraja ya ja shi gefe, na bi su.

"Lupyana, tsakaninka da Allah. Za ta kai ta gida lafiya?"

"Ina sa rai. Na duba gefen gilashin da kaina, ko ɗigo ba ya shiga."

"Ba sa rai na tambaye ka ba. Ka rantse mini."

Fundi ya sunkuyar da kai. "Damas, da wayarin hannuna ne da na rantse maka da kabarin uwata. Amma yaya zan rantse a kan abin da ban san abin da ke cikinsa ba? Sai dai in cire wayar hon da ta makullan ƙofa, in zauna kusa da kai da kayan aiki."

"In shiga da matata garinmu da bakanike a gefe yana riƙe da filaya."

Baban Faraja ya juyo wajena. Ya ce in je layinmu in kira ɗaya daga cikin samarin direbobi ya zo ya ɗauki gawar. Na kira wanda ya fi hankali a cikinsu. Da yaron ya zo, Baban Faraja ya zagaya motar yaron ya taɓa tayoyin, ya faɗa masa inda ramuka suke bayan gadar farko, da kwanar da ake shiga da giya ta biyu. Yaron yana ta cewa to Baba, to Baba.

Baban Faraja ya ce ko masu rakiya su shiga tasa, tunda wuri ya yi kaɗan. Mata suka gwammace su matsu a bayan wata motar itace. Ni kaɗai na shiga gaba kusa da shi, Fundi ya zauna a baya a kan dandamalin. Ya sa baƙar kwat ɗinsa, muka bi bayan motar da ke ɗauke da matarsa.

Yaron ya yi ƙoƙari, amma ƙafarsa ta saba da gudu, yakan manta ya yi nisa sai ya tuna ya rage. Duk ramin da ya faɗa sai in ga hannun Baban Faraja ya ƙanƙame sitiyari. Da muka zo gada ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya dubi motar da ke gabanmu, ya rufe. Yayyafi ya sauko a kan tsauni, ya kunna waifa ta yi aikinta, ya kashe ta kwanta. Muka isa, ya kashe injin, ya zare makulli, duk ƙofofin suka buɗe salin-alin. Fundi ya sauka ya juya mana baya yana share fuska da hularsa.

Bayan an share makoki bai dawo gari da zama ba. Ya bar wa Fundi motar ya ce ya yi yadda ya ga dama da ita. Tunda babu mai saye a dunƙule, sai aka yanka ta. Injin ya tafi Njombe, ƙofofi da fitilu suka bi wani ɗan Mbeya, ƙwaƙwalwar kuwa ita aka fara saya, wani mai motar haya da tasa ta ruɗe ya zo har gareji ya ɗauka. Fundi ya ce har yau tana aiki a can.

Na je ganinsa bara lokacin girbin wake. Yana zaune a ɗakin mahaifinsa na dā, ya rame, yana noman kabeji a fadamar bayan gida. Ya sa matar ƙaninsa ta dafa mana shayi, muka zauna a rana saboda sanyi. Ya tambaye ni mutanen layinmu ɗaya bayan ɗaya, wa ya mutu, wa ya tashi, wa ke ɗaukar gawarwakin Pawaga yanzu da hanyar ta lalace. Na faɗa masa. Ya ce in gaya wa yaran su riƙa rage iskar taya in za su shiga yashi.

Da zan tafi ya rako ni bakin hanya. Motar haya ta daɗe ba ta zo ba, muka tsaya muna kallon wasu mata suna ɗaure buhunan kabeji. Da ta iso ya leƙa ya ce wa direban tayarsa ta baya ta yi sanyi. Direban ya ce ya ji, bai sauka ba. Na shiga muka tafi.